"Tsufa ne": yadda ake cutar da tsofaffi a gidajenmu ba tare da an ɗaga hannu ba

A Katsina har gobe yaro ba ya gaida dattijo a tsaye. Tun daga bakin zaure zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce "Baba ina kwana", ba zai tashi ba sai an sallame shi. Tarbiyya ce ta gaske, kuma ita ce ta sa da an tayar da maganar cin zarafin tsofaffi sai a ce ai wannan matsalar Turawa ce, su da suke kwasar iyayensu su kai gidan gajiyayyu. Mu namu suna ɗaki, tukunyarmu ɗaya. Sai dai yawancin abin da masu bincike suka ƙirga, a cikin gida suka ƙirga shi, a hannun 'ya'ya da miji ko mata da sauran dangi, wato mutanen da suke durƙusawa su yi gaisuwar.

A 2017 Yongjie Yon da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike 52 daga ƙasashe 28, kan masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune a gidajensu. Suka samu kashi 15.7 cikin 100, kusan mutum ɗaya cikin shida, an cutar da shi a cikin shekara guda kawai. Wannan adadin ne Hukumar Lafiya ta Duniya take aiki da shi. Rabe-rabensa ya fi jimillar amfani. Cutarwa da baki da ƙuntata rai, irin su tsawa, gori, zagi, shariya, ita ce kan gaba da kashi 11.6. Cin dukiya kashi 6.8. Sakaci da ci da sha da magani da tsafta kashi 4.2. Bugu da duka kashi 2.6 ne kacal, lalata kuma 0.9. Idan ka tara za ka ga sun zarce 15.7, domin tsoho ɗaya yakan haɗa biyu ko uku. Saboda haka mai cewa "a gidanmu ba a taɓa dukan tsoho ba" yana iya faɗar gaskiya, amma ɓangare mafi ƙanƙanta ya amsa.

Masu binciken suna da iyaka da suka shata. Ba kowace cuta suke ƙirgawa ba, sai wadda ta fito daga wanda aka amince da shi, ko ta hanyar aikata abu ko ta hanyar ƙin yin abin da ya kamata. Ɓarawon da ya fizge jakar tsohuwa a kasuwa ba ya cikin lissafi. Ɗan da ya riƙe katin bankinta yana ciki. Kuma irin wannan bincike tambayar mutum ake yi ya amsa da bakinsa, don haka wanda gigin tsufa ya kama, wanda ya fi kowa shiga haɗari, galibi ba ya shiga ƙidayar. A jihar New York ta Amurka wani bincike na 2011 ya gano cewa a kan kowace magana ɗaya da ta kai gaban hukuma, kusan 24 ba a taɓa jin su ba. Can ke nan, inda akwai ofishi da lambar waya musamman don wannan. To ina ga nan, inda uwa za ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce ta tona asirin ɗanta? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka za ta ce maka, ta ƙara da cewa yaron kirki ne, zamani ne ya yi tsanani.

Abin ba ya tsayawa a ɓacin rai. Mark Lachs da tawagarsa sun bi tsofaffin garin New Haven na Amurka shekara 13, suka wallafa a 1998. A ƙarshen lokacin, kashi 9 ne kawai na waɗanda aka tabbatar an cutar da su suke raye, alhali cikin waɗanda ba a taɓa kai maganarsu ba kashi 40 suna nan. Bayan an cire tasirin cututtuka da shekaru, haɗarin mutuwar waɗanda aka cutar ya ninka kusan sau uku.

Tushen da sakaci yake tsirowa a kai shi ne raina mutum saboda shekarunsa. Likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ne ya fara fito da shi a matsayin matsala mai zaman kanta a 1969, ya jera shi da wariyar launin fata. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum ɗaya cikin biyu a duniya yana ɗauke da wannan raini ga tsofaffi, kuma ya fi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har da Najeriya. Wannan zai yi wa mai karatu ɗaci, amma girmamawa a gaisuwa daban, ɗaukar maganar mutum da muhimmanci daban. Ana iya durƙusa wa Baba da safe, da rana a sayar da ragonsa ba a tambaye shi ba, wai don kada a wahalar da shi.

A wurinmu rainin ya fi fitowa a jimla ɗaya: tsufa ne. Baba ya daina gani, tsufa ne. Iya ba ta ji sai an ɗaga murya, tsufa ne. Tana fitsari a kwance, ta rame, ta daina hira, ta ruɗe, duk tsufa ne, sai haƙuri da addu'a. Da wannan jimlar ake rufe ƙofar asibiti. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 84 na makanta abin da za a iya hanawa ne ko a magance, kuma yanar ido ce babbar sanadi. Aikin cire yana bai kai awa ɗaya ba, ba a ma sa mutum barci, ido kawai ake kashewa, kuma shekara 80 ba ta hana a yi shi. Amma dattijo zai shekara biyar a zaure ana ja masa sanda zuwa masallaci, ba wanda ya kai shi a duba. Rashin ji wani lokaci dattin kunne ne ya toshe, wankewa kawai yake so. Dattijon da yake tashi fitsari sau biyar a dare, yana fita da ƙyar, mai yiwuwa kumburin mafitsarar maza ne ko ciwon suga, duka biyun suna da magani.

Wani abu mai haɗari ƙwarai shi ne ruɗewar farat ɗaya. Gigin tsufa na gaske a hankali yake shigowa, watanni da shekaru: mantuwa, maimaita tambaya, ɓata a hanyar da aka sani. Amma tsohuwar da shekaranjiya ta ƙirga canjinta daidai, yau kuma ba ta gane jikarta, tana surutai ko tana ta barci ba a gane kanta, wannan ba gigin tsufa ba ne, jiki ne yake ƙara. Abubuwan da suka fi kawo shi su ne ciwon sanyin mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar suga, bugun jini a ƙwaƙwalwa, ko wani sabon magani. Tsoho yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, shi ya sa taɓa goshi ba ya wadatarwa. Ranar ake kai shi asibiti, ba a jira a ga kwana uku. Idan mai ciwon suga ne yana shan ƙwaya irin glibenclamide kuma bai ci abinci ba, ga gumi ga karkarwa, a dama ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa a ba shi in yana iya haɗiya, sannan a tafi. In ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa komai.

Tsofaffin su ma suna ɗaukar jimlar su ɗora wa kansu: "Ni me ya rage mini, ku bar kuɗin ku yi wa yara hidima." Becca Levy ta Jami'ar Yale ta bi mutum 660 a jihar Ohio, ta wallafa a 2002 cewa waɗanda suke kallon tsufansu da kyakkyawan zato sun fi sauran tsawon rai da shekara bakwai da rabi. Ajali na Allah ne, amma hanyar a fili take: wanda ya yarda ya gama yayi ba ya shan magani a kan lokaci, ba ya motsa jiki, ba ya faɗar abin da ke damunsa. Idan Iya ta ce a bar ta, ba umarni ba ne da za a yi wa biyayya a koma gefe. A tambaye ta dalili. Sau da yawa kuɗi take tausaya wa.

Wa yake cutar da tsofaffin? Da farko an ɗauka mai jinyar da ya gaji ne kawai. Karl Pillemer, tun a shekarun 1980, ya nuna wani abu da ya fi wannan tayar da hankali: sau da yawa mai cutarwar shi ne ya dogara da tsohon, ba tsohon ne ya dogara da shi ba. Mu ma mun san shi. Ɗa ne ko jika, ya haura talatin, ba sana'a, yana ɗakin zaure, abincinsa daga tukunyar tsohuwa, wani lokaci da shaye-shaye. Shi ne ake bar wa gidan don kowa ya tafi Kano ko Abuja ko Legas nema, shi ne kuma ake tura wa kuɗin cefane saboda shi ke kusa. Sauran abubuwan da bincike ya jera su ne kaɗaici, gigin tsufa, taɓin hankali a ɓangaren mai kula, da zama a matse wuri ɗaya. Wannan na ƙarshe ya ƙaru a cikin birni tun da rashin tsaro ya taso mutane daga ƙauyukan Batsari, Jibiya, Safana, Ƙanƙara da Faskari. Dattijon da yake da rumbu da garke da fada a ji, yau yana rakuɓe a ɗaki ɗaya na haya a gidan ɗansa, sai an ba shi ya ci. Wanda ba ya kawo komai, muryarsa takan yi ƙasa.

Sai mai jinyar da ta gaji, ita ma gaskiya ce. Galibi matar ƙaramin ɗa ce, ga goyo, ga girki, ga wankin kashi da fitsarin uwar miji, shekara da shekaru, ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda, facalolinta suna zuwa ranar Juma'a da ledar lemo su ce Iya ta rame. Malamai sun bayyana cewa hidimar iyayen miji ba wajibi ba ce a kan mace, kyautatawa ce. Wajibin yana kan 'ya'yan da aka haifa. A Ingila Claudia Cooper ta tambayi mutum 220 masu kula da danginsu masu gigin tsufa, ta wallafa a 2009: rabinsu suka amsa da bakinsu cewa sun taɓa yin abin da bai dace ba, mafi yawa tsawa da baƙar magana. Ba mugaye ba ne. Mutane ne da ba su yi barcin kirki ba tsawon watanni. Duk gidan da ya bar jinya a kan mace ɗaya dare da rana, shi ya shirya abin da zai biyo baya.

Maganar kuɗi tana da sauƙin ganewa in ana so a gane. Baba ba ya ganin lambobi, zanen yatsansa ya shafe saboda noma da shekaru, na'urar banki ba ta karɓa, layin tantance 'yan fansho ya fi ƙarfinsa. Sai ya miƙa kati da lambar sirri ga yaro. Yaron ya je wurin mai POS ya cire dubu hamsin, ya kawo talatin, ya ce caji ne da cirar banki. Saƙon banki kuwa wayar yaron yake shiga, don layinsa aka sa tun ranar buɗe asusu. Gyaran ba shi da wuya: mai riƙe kati daban, mai karɓar saƙon banki daban, kuma in Baba yana da waya, ko ƙarama ce, layinsa za a sa. Duk wata uku a karɓo takardar bayanin asusu a karanta masa. A ajiye littafi ɗaya a ɗakinsa, duk wanda ya aiko da kuɗi a rubuta, duk abin da aka kashe a rubuta. Mai gaskiya ba ya jin haushin littafi. Kuma a bar wa tsoho kuɗi a hannunsa, nasa na kansa, na goro da sadaka da ba jikoki, ba tare da ya roƙa ba.

Gona da gida sun fi kati haɗari. Ana kawo takarda a ce "Baba dangwala nan", daga baya a ji an sayar, ko a ce ya ba wane kyauta. A fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'armu suke aiki da shi, kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓi abin ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Wadda aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai sauran magada sun yarda. Cinikin wanda hankalinsa ya gushe ba ya inganta, alƙali ne yake naɗa wanda zai kula da dukiyarsa, ba wanda ya riga kowa ɗaukar makulli ba. Tsofaffin mata kuma akwai tumuninsu na gadon miji, da sudusin uwa idan ɗanta ya rasu ya bar 'ya'ya, waɗanda akan haɗiye da cewa "ai Hajiya tana hannunmu, me za ta yi da gona?" Nata ne ko za ta bar shi ya yi ciyawa.

Wanda ya zo daga nesa ganin gida, kada ya tsaya a tsakar gida inda aka fito da Iya an yi mata wanka an sa mata sabon zane. Ya shiga ɗakinta. Hanci ne zai fara ba da labari: zarnin da ya kama katifa ba na kwana ɗaya ba ne. A ɗaga zanen gado a ga ko leda ce tsirara a ƙarƙashinta. A duba kwanon da aka ture ƙarƙashin gado, tuwon jiya ne ya bushe ba a taɓa ba? Mai yiwuwa ba ƙin ci take ba, haƙora ne babu, ko hannu ba ya kai wa baki, ana ajiyewa a fita. Akwai ruwa inda hannunta zai kai? Buta da fo suna kusa? A kalli ƙofar: in sakata ko kwado yana ta waje, ana kulle ta. A ƙirga ƙwayoyin hawan jini: in an sayo na wata guda kwana ashirin da suka wuce kuma saura ashirin da biyar, ba a ba ta. A duba faratan ƙafa, da tsakanin yatsu, da bakin zanen da ya yi mata yawa.

Ruwa yana buƙatar a tsaya a kansa. Ƙishirwar tsoho ba ta da ƙarfi, yana iya bushewa bai nemi ruwa ba, kuma a gidaje da yawa da gangan ake rage masa don kada ya jiƙa shimfiɗa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina yake haura 40 a ma'auni, wannan kaɗai ya isa ya ruɗa shi ya taɓa ƙoda. Abin da ake so lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, har da kunu da koko da fura, sai fa in likita ya taƙaita saboda ciwon zuciya ko ƙoda. A ba da mafi yawa daga safe zuwa la'asar, a rage bayan magariba, a kai shi bayi kafin ya kwanta. Fitsari mai duhu kaɗan-kaɗan alama ce ruwan bai isa ba.

Ga wanda ya kwanta, misali bayan shanyewar ɓarin jiki, gyambon kwanciya shi ne ma'aunin kulawa. Yana fitowa inda ƙashi ya danne fata: ƙugu ta baya, gefen kwatangwalo, diddige, kafaɗa. A littattafan Turawa ja ake nema, amma a baƙar fata ba ja za ka gani ba. Wurin zai fi kewayensa duhu, ya yi sheƙi, ya yi ɗumi ko tauri in ka taɓa. Daga nan zuwa rami kwanaki ne. Ƙa'ida a juya mutum duk awa biyu. Gidan da ba a bin agogo, a ɗaure abin da lokutan da aka sani: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha, da sau biyu ko uku cikin dare. A sa matashi ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya rataya bai taɓa katifa ba, wani kuma tsakanin gwiwoyi in an kwantar da shi ta gefe. A ɗaga shi da zane mutum biyu, kada a ja shi, jan ne yake saɓule fata. Leda a ƙarƙashin zanen auduga take zama, ba a jikin mutum ba. In ya ɓata, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a tsane, a shafa Vaseline. Ba a murza wurin da ya fara duhu, ba a barbaɗa toka ko garin kafso a ciwo. Kuma fata ba ta warkewa da koko zalla: ƙwai, wake, nono, awara, kifi, naman da aka dafa ya yi laushi.

Tabo kuma sai an yi hankali, don fatar tsoho ba ta da wuyar ɓaci, kada a ɗora wa mai jinya laifin da ba nata ba. Binciken Laura Mosqueda a Kalifoniya ya nuna kusan kashi 90 na tabon da ake samu ta tsautsayi a hannu da ƙafa yake. Wanda ya kamata ya tsayar da kai shi ne na fuska, wuya, kunne, gadon baya, ko wanda faɗinsa ya wuce santimita biyar, da shatar igiya a wuyan hannu ko idon sawu, da labarin da yake canzawa daga baki zuwa baki.

Ɗauri da kulle da ƙwayar barci galibi a kan mai gigin tsufa suke faɗawa. Yana fita ya ɓata, sai a sa kwado. Da hunturu kuma ga kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe ruf, ga wanda ba zai iya buɗe ƙofa ba in zane ya kama ko hayaƙi ya turnuƙe. Ba ya barci, sai a je kemis a karɓo diazepam ko Piriton, waɗanda suke ƙara ruɗa tsoho, su sa shi jiri ya faɗi ya karya ƙugu, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Abin da ya fi aiki: a fito da shi hasken rana da safe, a rage barcin rana, a bar fitila a ɗaki da dare, a ɗinke lambar waya a cikin rigarsa, a gaya wa maƙwabta da mai shago da masu zaman bakin masallaci cewa in sun gan shi shi kaɗai su rako shi. Ruɗewar takan tsananta da magariba, sananniyar alama ce ta cutar, amma da yake lokacin ne muke dangantawa da iskoki, sai a fara cewa aljanu ne. In tsohuwa ce marar gata, tana ambaton sunayen matattu, kuma wani yaro ya yi zazzaɓi a unguwa, kalmar mayya ba ta da nisa. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Idan kuma ta ce an sace mata kuɗi, kada a yi musu da ita, a taya ta nema. Amma wani ya bincika a ɓoye, domin mai mantuwa ma ana yi masa sata, kuma ɓarawon ya san ba za a yarda da ita ba.

Tambaya tana da salo. Likitoci a Kanada suna da tambayoyi shida da Mark Yaffe ya tsara, biyar ga tsohon, ta shida abin da likitan ya gani da idonsa, kuma sharaɗinsu a yi su ba mai rakiya a wurin. Mu ma haka: a aiki mai jinyar wani wuri cikin dabara. "Ana cutar da ke?" ba ta da amsa sai "Alhamdulillahi". A tambayi abin da ake iya ƙirgawa. "Iya, jiya da dare me kika ci? Wa ya kawo miki? Yaushe rabonki da wanka? Kuɗin da Yaya ya aiko, nawa ya shigo hannunki? Akwai wanda in ya shigo gabanki yake faɗuwa?" A lura da wanda yake riga ta amsawa duk lokacin da aka yi mata magana, da yadda take kallon ƙofa kafin ta buɗe baki. In ta faɗi wani abu, kada a fita tsakar gida a hau faɗa. Kai za ka koma Kaduna gobe, ita za ta kwana da wanda ta kai ƙararsa. A fara shirya inda za ta koma ko wanda zai dawo ɗakin, sannan a yi magana, kuma da saninta.

Gwamnatin tarayya tana da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda Muhammadu Buhari ya sa wa dokarta hannu a 2018, kuma 15 ga Yuni ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wannan matsala. Amma tsohuwar da ke lungu a Ƙofar Marusa ko a Daura, matakalar da ta fi kusa da ita ita ce wadda muka gada: kawu ko gwaggon da ake jin nauyinsa, limamin unguwa, mai unguwa, har zuwa hakimi, ga kuma Hisba. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, kuma kotun Shari'a tana iya yanka musu abin da za su riƙa bayarwa. In akwai rauni a jiki, asibiti ne farko, a rubuta abin da aka gani da kwanan wata, sannan 'yan sanda. Hoto don shaida ake ɗauka, da izininta, ba don Facebook ko TikTok ba. Masu ɗaukar bidiyon tsofaffi cikin tsumma suna neman taimako da sunansu, ba tare da an san nawa ya shigo nawa ya isa ba, su ma layi ɗaya suke da yaron POS.

Akwai abu ɗaya da muke da shi wanda masu bincike suke ta ƙoƙarin ƙirƙirowa. David Burnes ya duba bincike 63 a 2019, ya samu cewa abin da ya fi rage raina tsofaffi shi ne ilimi haɗe da cuɗanyar yara da manya. Wasan jika da kaka ke nan, da tatsuniyar dare, da aiken jika ya kwana ɗakin kaka. Sai dai a sa ido, don "tsohuwa mai ran ƙarfe" a bakin jikan da yake tauna mata goro wasa ne, a bakin wanda ya hana ta abinci kuma wani abu ne daban.

Idan za a zauna taron gida kan jinya, a zauna tun tsohon yana iya faɗar abin da yake so, kuma yana wurin. A rubuta wa zai kwana da shi a wane dare, maza su ɗauki wankan Baba da kai shi bayi, kada a bar wa suruka. A yanka kuɗin wata a kan kowa gwargwadon ƙarfinsa, a ware na magani daban da na abinci, a ware wani abu na mai jinya ko da 'yar gida ce. A ba ta yini ɗaya cikakke a mako da za ta fita ta je gidansu. A sa ranar awon jini da suga duk wata, da sunan wanda zai kai shi. Sannan mutum ɗaya wanda ba ya zaune a gidan, wanda kuma ba ya riƙe da kuɗin, ya riƙa zuwa ba tare da ya yi waya ba.